Sankarar Jini: A Riƙa Duba Tsokar Majinyaci Kamar Yadda Ake Duba Jininsa

A bakin Bahaushe farin jini abin nema ne. Shi ake yi wa ɗan kasuwa fata, shi ake roƙa wa budurwa da mai neman sarauta. Amma a harshen likitoci akwai wani farin jinin da ba a yi wa ko maƙiyi fatansa. A shekarar 1845 wasu likitoci biyu, John Hughes Bennett a birnin Edinbara da Rudolf Virchow a birnin Balin, kowannensu ya ba da bayanin wani majinyaci da ya rasu da kumburarriyar saifa, jininsa kuma ya yi fari-fari saboda yawan fararen ƙwayoyin da suka cika shi. A 1847 Virchow ya raɗa wa cutar suna lukimiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar fari da jini. Ita ce muke kira sankarar jini, wasu kuma su ce kansar jini.

Tun daga wancan zamani zuwa yau, duk wanda wannan cuta ta shiga gidansa idonsa na kan jini. Sakamakon gwajin jini ake jira kowace safiya, ledar jini ake yawon nema, ƙidayar ƙwayoyin jini ce ke sa dangi murna ko kuka. Hakan daidai ne, babu mai ja. Sai dai abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, akwai wani ma'auni na biyu da ke kwance a kan gadon asibiti a gaban kowa, ba a cika kula shi ba, alhali bincike ya nuna yana da alaƙa da ko majinyaci zai jure magani ko ba zai jure ba. Wannan ma'auni shi ne tsokar jikinsa: naman cinyarsa, kaurin damtsensa, ƙarfin riƙon hannunsa, da yadda yake iya miƙewa daga zaune. A ganina lokaci ya yi da likita da ɗan jinya za su ɗauki zubewar tsoka a matsayin ɓangare na cutar, su auna ta, su kuma yaƙe ta tun daga ranar farko.

Abin da ke faruwa a cikin ɓargo

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne masana'antar jini. A kowace rana yana fitar da biliyoyin ƙwayoyi iri uku: jajaye masu ɗaukar iska zuwa sassan jiki, farare masu yaƙi da cuta, da ƙanana masu daskarar da jini idan an ji rauni. Sankarar jini tana farawa ne idan ɗaya daga cikin iyayen fararen ƙwayoyin ta lalace, ta shiga hayayyafa ba tsayawa, 'ya'yanta marasa amfani su mamaye ɓargon su hana lafiyayyun fitowa. Daga nan ne alamomin ke tasowa: kasala da ɗashewar jiki saboda ƙarancin jajayen ƙwayoyi, haɓo da zubar jini daga dasashi saboda ƙarancin masu daskararwa, da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya saboda garkuwar jiki ta faɗi. Sau da yawa akan ga kaluluwa, ciwon ƙashi, da kumburin saifa ko hanta.

Cutar ta kasu manyan gida huɗu: biyu masu gaggawa waɗanda kan kwantar da mutum cikin makonni, biyu kuma masu tafiyar hawainiya waɗanda kan ɗauki shekaru. Ɗaya daga cikin masu gaggawar ita ce sankarar da ta fi kama yara a ƙasashe da dama. A 1948 Sidney Farber ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa magani na iya kwantar da ita na ɗan lokaci, yau kuwa a ƙasashe masu arziki kimanin yara 90 cikin 100 da suka kamu da ita suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin waɗannan ƙasashe fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara iri-iri suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin da ke neman a kai aƙalla kashi 60 nan da 2030.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, mai sankarar jini ba kullum sankarar ce ke kashe shi kai tsaye ba. Sau tari ƙwayoyin cuta ne ke samun sa ba garkuwa. Lafiyayyen mutum yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira nitirofil, su ne dakarun sahun gaba. Tun a 1966 likita Gerald Bodey ya nuna a Amurka cewa idan adadinsu ya sauka ƙasa da 1,000 haɗarin kamuwa da cuta yana hawa, idan ya gaza 500 kuwa abin ya yi tsanani. Maganin kemo da ake kashe sankarar da shi yakan share lafiyayyun ƙwayoyin tare da lalatattun, ya bar majinyaci makonni yana jiran ɓargo ya farfaɗo. A waɗannan makonnin ne ake rasa mutane da yawa, kuma a nan ne maganar tsoka ta shigo.

Darasi daga shanu masu sammore

Duk wanda ya san kiwo ya san sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, saniya ta yi ta ramewa har ta zama fata da ƙashi. A shekarun 1970 wani masani daga Jami'ar Rockefeller ta Amurka, Anthony Cerami, ya je Kenya yana aikin neman maganin wannan cuta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ƙwayoyin cutar da ke jinin dabbar ba su da yawan da za a ce su ne suka cinye ta. Sai ya yi zargin cewa jikin dabbar ne da kansa ke fitar da wani abu mai narkar da ita. A 1985 shi da Bruce Beutler suka tabbatar da cewa wani sinadari ne da wasu fararen ƙwayoyin jini ke saki idan suna cikin yaƙi, wanda a yau aka fi sani da TNF.

Wannan binciken ya sauya fahimtar likitoci game da ramar mai sankara. Ramar yunwa daban, ramar cuta daban. Mai jin yunwa jikinsa yakan fara da ƙona kitse, ya yi tattalin tsoka, da zarar ya sami abinci kuma ya murmure. Mai sankara kuwa, sinadaran kumburi irin su TNF da intalukin-6 suna ba tsokarsa umarnin ta warware kanta, suna kuma kashe masa sha'awar abinci. Wannan yanayi likitoci ke kira kakeksiya, wato mummunan hali a Girkanci. A 2011 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka amince cewa mai sankarar da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata 6 ba tare da niyya ba ya shiga wannan yanayi. Ga mai kilo 60, kilo 3 kacal ke nan, abin da yawancinmu ba za mu ko lura da shi ba a ƙarƙashin babbar riga.

Akwai kuma kalma ta biyu, sakofeniya, wadda Irwin Rosenberg ya ƙirƙira a 1989 da ma'anar ƙarancin nama. Asali an yi ta ne don bayyana zubewar tsoka da ƙarfi da ke zuwa da tsufa, domin bayan shekara 30 da haihuwa tsokar mutum takan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10. Daga baya aka ga cewa cuta da doguwar kwanciya suna kawo ta ga matashi, har ma ga yaro.

Tsoka rumbu ce, kuma tana magana da garkuwa

Mun saba ɗaukar tsoka a matsayin abin ɗaukar kaya da tafiya kawai. Alhali ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin lafiyayyen namiji, kuma ita ce babban rumbun furotin, wato sinadarin gina jiki. Jiki yana ajiye rarar mai a matsayin kitse, amma ba shi da wani ɗakin ajiyar furotin in ban da tsoka. Idan zazzaɓi mai tsanani ya zo, hanta na buƙatar furotin don haɗa makaman yaƙi, ɓargo na buƙatarsa don ƙera sababbin ƙwayoyi, hanji da baki na buƙatarsa don gyara mikin da kemo ya yi musu. Duk daga tsoka ake ɗiba. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya shiga jinyar sankarar jini da rumbu cike ba ɗaya yake da wanda ya shiga da rumbu wayam ba.

Daga cikin abin da tsoka ke fitarwa akwai gulutamin. A shekarun 1980 Eric Newsholme da abokan aikinsa a Jami'ar Okusfod ta Ingila suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini suna shan wannan sinadari da yawan gaske, musamman idan suna hayayyafa don fuskantar cuta, kuma tsoka ce babbar mai samar da shi. Amma kada wannan ya sa wani ya ruga kantin magani ya sayo garin gulutamin, domin ƙwayoyin sankarar ma suna cin sa. Wannan hukunci ne na likita.

Bugu da ƙari, a shekarar 2000 Bente Klarlund Pedersen da tawagarta a birnin Kofenhegen na Denmak suka gano cewa tsokar da ke aiki tana sakin saƙonni cikin jini, waɗanda a 2003 aka raɗa wa suna mayokain. Ɗaya daga cikin sinadaran da tsoka ke samarwa, intalukin-15, yana raya wasu dakaru na musamman a cikin rukunin limfosait, ciki har da waɗanda ake kira NK, masu farautar ƙwayoyin jikin da suka lalace. A 2016 wani bincike a Kofenhegen ya nuna cewa ɓerayen da aka ba damar gudu a kan keke ƙarinsu ya ragu da fiye da rabi, kuma ƙwayoyin NK ne suka yi aikin. A 2020 masu bincike a cibiyar nazarin sankara ta Jamus da ke Haidelbag suka nuna, a jikin ɓeraye masu daɗaɗɗiyar cuta, cewa tsoka na zama mafakar da wasu limfosait ke fakewa don kada su gaji da yaƙi. Waɗannan gwaje-gwaje ne na dabbobi, ba kuma a kan sankarar jini aka yi su ba, amma sun nuna hanyar da tsoka da garkuwa ke riƙe da juna.

Me ya sa limfosait ke da muhimmanci a nan? Saboda kemo shi kaɗai ba ya gama aikin. A 2006 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka ba da rahoton cewa manya masu sankarar jini mai gaggawa waɗanda limfosait ɗinsu suka yi saurin dawowa bayan zagayen farko na magani sun fi daɗewa a raye. Dashen ɓargo ma, wanda ya sa aka ba Donnall Thomas kyautar Nobel a 1990, wani ɓangare na nasararsa ya dogara ne a kan garkuwar mai bayarwa ta farauci ragowar sankarar. A 2017 kuma Amurka ta amince da maganin da ake ɗibar limfosait ɗin majinyaci, a sauya su a ɗakin gwaji, a mayar masa su yaƙi cutar. Ashe ke nan duk abin da ke raunana garkuwa ya shafi makomar majinyaci.

Abin da aka gani a jikin majinyata

A 2008 Carla Prado da Vickie Baracos na Jami'ar Albata a Kanada suka yaɗa wata dabara: a ɗauki hoton siti-sikan da aka riga aka yi wa mai sankara, a auna faɗin tsoka a daidai ƙashin baya na 3 na ƙugu, daga nan a ƙiyasta tsokar jiki duka. Da wannan dabara suka nuna cewa mutum na iya zama mai teɓa amma tsokarsa ta zube, kuma irin waɗannan sun fi saurin mutuwa.

Da aka gwada ma'aunin a kan masu sankarar jini, sai aka ga abu guda. A 2019 likitoci a Gifu ta ƙasar Japan suka bi diddigin manya 90 masu nau'in nan mai gaggawa. Bayan shekara 3, kimanin biyu cikin uku na masu isasshiyar tsoka suna raye, amma a cikin masu zubabbiyar tsoka kimanin ɗaya cikin uku ne kawai. A wannan shekarar dai asibitin City of Hope da ke Kalifoniya ya duba mutum fiye da 800 da aka yi wa dashen ɓargo, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku sun shiga dashen da ƙarancin tsoka, kuma su ne suka fi daɗewa a asibiti, suka fi mutuwa ta dalilin wahalar maganin ba tare da sankarar ta dawo ba.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Heidi Klepin a Jami'ar Wake Forest ta Amurka a 2013, domin bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba. Majinyata 74 'yan shekara 60 zuwa sama aka sa su tsaya da ƙafafunsu, su yi tafiyar mita 4, su tashi daga kujera sau 5. Waɗanda suka gaza a wannan gwaji matsakaicin abin da suka ƙara a duniya wata 6 ne, waɗanda suka ci kuwa kusan wata 17. Kujera da agogo suka hango abin da idon likita bai hango ba.

Na yara kuwa ya fi kusa da halinmu. A 1989 likitoci a birnin Puwebla na Meksiko suka ba da rahoton yara 43 masu sankarar jini da aka yi wa magani iri ɗaya. Bayan shekara 5, kashi 83 cikin 100 na masu ƙoshin abinci suna raye ba cuta, amma a cikin masu ƙarancin abinci kashi 26 ne kacal. Dalilin da suka bayar shi ne, ɓargon ramammun yaran ba ya jure cikakken magani, dole ake rage musu, sankarar kuma ta sami kafar dawowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Waɗannan bincike sun nuna alaƙa ce. Wani lokaci tsananin cutar ne ke haddasa zubewar tsokar da mutuwar gaba ɗaya. Ƙwai da motsa jiki ba sa warkar da sankarar jini, duk wanda ya ce suna yi ya yaudari mutane. Abin da gwaje-gwaje suka tabbatar shi ne, motsa jiki daidai gwargwado a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya yana rage gajiya, yana kuma taimaka wa majinyaci ya riƙe ƙarfinsa a lokacin magani. Ga cutar da nasara a kanta ta dogara da a kammala magani a kan lokaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙibar da ke ruɗin ido

Maganin kansa yana cin tsoka. A watan farko na jinyar yara ana ba su firednisolon ko deksametason da yawa. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin sankarar, amma suna narkar da naman cinya da na kafaɗa, a lokaci guda suna buɗe ciki, su tara kitse a fuska da tumbi. Sai uwa ta ga kumatun ɗanta sun cika, 'yan dubiya su ce ai ya murmure, alhali yaron ba ya iya hawa matakala ko tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa. Wani maganin, binkiristin, yana taɓa jijiyoyin ƙafa har yaro ya riƙa jan ta. Sikeli ma yana iya ruɗi, domin kumburarriyar saifa da ruwan da jiki ya tara duk nauyi ne. Kuma da tsawo da nauyi ake lissafa yawan kemo, lissafin da ba ya bambance kitse da tsoka. Mai ƙarancin tsoka yana iya shan wahalar maganin fiye da wanda suke nauyi ɗaya.

A nan dole in yi gargaɗi a kan ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa barkatai a kasuwanninmu, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Da yawansu deksametason ne. Idan aka ba yaron da ke ramewa da zazzaɓi irin wannan kafin a kai shi asibiti, maganin zai iya ɓoye sankarar na ɗan lokaci, gwaji ya kasa gano ta, ta dawo daga baya da wahalar magani. Ga babba kuma, kumburi yake saya da kuɗinsa, yana asarar tsoka da garkuwa.

Sai doguwar kwanciya. A 2007 wani bincike a Amurka ya kwantar da lafiyayyun dattawa kwana 10 a gado, aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafafunsu. Lafiyayyu ke nan masu cin abinci. Ina ga mai zazzaɓi, mai miki a baki, wanda zai yi wata guda a ɗaki?

Halin da muke ciki

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Ma'ana, yaron da sankarar jini za ta kama a Kano ko Katsina ko Sakkwato akwai yiwuwar ta same shi da rumbu wayam tun kafin a fara. Haɗa da cewa sau da yawa sai an ɓata watanni ana maganin maleriya da taifot da shawara kafin a isa wurin likitan jini a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, Maiduguri da Jos.

Al'adarmu ta jinya cike take da tausayi, amma wani sashenta yana ƙara wa tsoka asara. Muna ganin gata ne a hana majinyaci ɗaga ko da kofi, a ce masa ya kwanta ya huta dare da rana. Muna ciyar da shi koko da shayi da lemon kwalba, abubuwan da ke da daɗin haɗiya amma kusan babu furotin a cikinsu. Mu cika ɗaki da 'yan dubiya, wani na tari wani na atishawa, a kan mutumin da ba shi da garkuwa. Kuɗin gida kuma duk sun tafi ga magani da jini da gwaji, abinci ya zama abin da ya saura.

Abin da za mu iya yi

Ga asibitocinmu, ba na kiran a sayo sababbin na'urori. Ma'aikatan lafiya a Arewa da Jamhuriyar Nijar sun ƙware da tef ɗin nan mai launi da ake auna damtsen yara don gano tamowa, wanda ke nuna haɗari idan kaurin ya gaza santimita 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kumburin saifa ba ya ruɗin wannan tef, don haka ya dace a ajiye shi a kowane ɗakin masu sankara. Ga manya, ƙwararrun Turai a 2018 sun sa iyaka: ƙarfin matsa hannu ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace, ko ɗaukar fiye da daƙiƙa 15 wajen tashi daga kujera sau 5, alama ce ta raunin tsoka. A rubuta wannan a fayil ranar da aka kwantar da mutum, a maimaita kowane mako kusa da ƙidayar jini. A kuma sa masanin abinci da likitan fisiyo cikin zagayen duba marasa lafiya tun daga farko, kada a jira sai mutum ya kasa tsayuwa.

Ga 'yan jinya, ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai ta ba da shawara a 2017 cewa mai sankara ya sami fiye da giram 1 na furotin, har zuwa giram 1.5, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya kimanin giram 6 ne, don haka sai an haɗa da wasu, a kuma rarraba a yini: kunun gyaɗa da madara, alala, faten wake, awara, farfesun kifi ko kaza, naman da aka dafa ya yi laushi. Kaɗan-kaɗan sau 6 ya fi tulin abinci sau 2 ga mai miki a baki. Komai ya dahu sosai, a ci da zafinsa. A guji nonon da ba a tafasa ba, da ɗanyen ganye, da abincin bakin titi da ya sha iska, da gyaɗar da ta yi fumfuna. Mai ciwon ƙoda kuwa sai da iznin likita kafin a ƙara masa furotin.

Motsi ma haka. Idan likita ya yarda, majinyaci ya zauna a kujera maimakon kwanciya, ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo, ya miƙe ya zauna sau 'yan kaɗan, yaro kuma a bar shi ya yi wasa. Ranar da ake zazzaɓi, ko jini ya yi ƙasa ƙwarai, ko ƙwayoyin daskararwa sun faɗi, likita zai ce a dakata, domin faɗuwa a irin wannan hali na iya jawo zubar jini. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ga mai shan kemo kuwa maganar gaggawa ce, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Dangi su zama masu lura: idan mutumin da ke sallah a tsaye ya koma yi a zaune, ko agogo ya fara yawo a hannunsa, a gaya wa likita a ranar.

Ga 'yan dubiya da masu hali, kiret ɗin ƙwai ya fi katan ɗin lemo, ba da jini kuma ya fi su duka. Ƙungiyoyin da ke biya wa marasa galihu kuɗin magani su sa abinci a cikin lissafi, domin an ga a Puwebla abin da ke faruwa idan aka zuba magani a jikin da ba zai ɗauka ba. Jami'o'inmu kuma su ba ɗalibansu aikin auna damtse da riƙon hannun majinyatanmu, su bi su shekara 2 ko 3, mu sami alƙaluman kanmu maimakon dogaro da na Japan da Kalifoniya.

Maganin sankarar jini yana da tsada, dashen ɓargo da sababbin magunguna sun fi ƙarfin yawancin gidajenmu, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa wa hukuma lamba a kan haka. Amma tef da kujera da kwanon alala suna hannunmu tun yau, ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Duk majinyacin da muka taimaka ya riƙe tsokarsa, mun ƙara masa damar kaiwa ƙarshen maganinsa da ƙafafunsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.